Harshen tambaya da ƙididdigar lafiya: waɗanda ake ƙirgawa da waɗanda ake tsallakewa

Binciken jama'a da lafiya da aka yi a Nijar a shekarar 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000, kimanin 318 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar. A 1998 adadin ya sauko zuwa 274, a 2006 zuwa 198, a 2012 kuma zuwa 127. Irin waɗannan alƙaluma ne ke nuna inda buƙata ta fi yawa, su ne kuma hujjar matakai kamar kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, da gwamnati ta yanke a 2006. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta tanadi rajistar haihuwa da haƙƙin lafiya ga kowane yaro. To, sai an ƙirga yaro kafin a san ko haƙƙinsa ya isa gare shi.

Abin da muke son jawo hankali a kansa shi ne, kowane adadi daga tambaya da amsa yake fitowa. Ana tsara tambayar da faransanci, a yi wa uwa ita da Hausa a ƙauyen Maraɗi ko Damagaram. A nan muna ganin matsaloli uku.

Na farko, kalmomin cuta ba su daidaita ba. "Zazzaɓi" ko "masassara" ya haɗa cizon sauro da wasu cututtuka. "Shawara" ta haɗa ciwon hanta da cututtuka dabam-dabam masu sa ido ya yi rawaya.

Na biyu, kunya. Uwa ba ta cika faɗin sunan ɗan fari ba, kuma jaririn da ya koma kafin ranar suna yana iya fita daga lissafinta, musamman in namiji baƙo ne ke tambaya.

Na uku, shekaru. Inda babu takardar haihuwa, da damina ko salla ake tuna lokacin haihuwa.

Wannan kuskure ba ya faɗa wa kowa daidai. Ya fi shafar matan karkara da ba su yi lakkol ba, wato waɗanda suka fi buƙatar a gan su a cikin alƙaluma. Saboda haka muna ganin ya wajaba masana harshe su shiga aikin tun daga tsara tambayoyi, a gwada fassarar a kowane yanki kafin a fita bincike.