Fargabar jarrabawa: ya sani, amma kansa ya ɗaure

Da watan Afrilu ya kama, gidan da ke da ɗan aji shida na sakandare ba ya zama lafiya. JAMB na tafe, WAEC na biye, NECO na jira. Yaro ya san in bai samu kiredit biyar ba, har da Turanci da Lissafi, to shiga jami'a sai wata shekarar. Ya kuma san da wace wahala mahaifinsa ya haɗa kuɗin rajista.

Malamai sun sha ganin ɗalibin da ke kawo amsa tiryan-tiryan a aji, amma da an raba takardar tambayoyi sai gumi ya karyo masa, hannu na rawa, ciki na murɗawa. Ƙwaƙwalwarsa ce ta ɗauki jarrabawar tamkar wani haɗari, sai jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotizol. Kaɗan daga cikinsu yana da amfani, yana wartsakar da mutum. In suka yi yawa, tunanin "in na faɗi fa?" ne ke mamaye ɗan gurbin da ƙwaƙwalwa ke riƙe tambaya tana warware ta. Shi ya sa amsar kan faɗo wa yaro bayan ya fito, yana kan hanyar gida.

Sannan ga kwanan zaune. Yara na shan kofi, wasu su tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi don kada su yi gyangyaɗi, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka karanta da rana.

Wani laifin namu ne, manya. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta baki ɗaya, amma har yau akwai ɗan ƙauyen da sai jarrabawa ta matso yake fara taɓa kwamfutar. A gida kuma abin da yake ji shi ne, "Kada ka ba mu kunya."

A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago, Gerardo Ramirez da Sian Beilock, sun gano cewa ɗalibai masu fargaba da suka rubuta damuwarsu na minti 10 kafin jarrabawa sun fi waɗanda ba su rubuta ba samun maki. Wannan ba ya cin ko sisi. Haka ma gwaji da tsofaffin tambayoyi, a zaune, da agogo, har jiki ya saba.

Shugabannin makarantu, ku fara wannan gwajin tun zangon farko. Iyaye kuma, a daren jarrabawa ku karɓe littafin, ku sa yaro ya kwanta.