Kwamfutarka a aljihunka: abin da filashi zai iya yi wa ɗalibi a Kasuwar Singa

Kowa ya san Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a Kano, da sarin sukari da fulawa da taliya da man girki. Da yawa daga cikinmu ɗalibai a can muke yin hutu, muna taya iyaye ko yayye tsaron shago. A wasu shagunan akwai kwamfutar da ake rubuta lissafin kaya da bashi, amma maigida ba ya yarda yaro ya taɓa ta. Kuma yana da gaskiya, domin kuskure ɗaya na iya share lissafin shekara guda.

Sai dai mu ma muna da tamu buƙatar. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin da hannunsa bai saba da ita ba zai ɓata lokaci yana lalube, ko da ya san amsa. To, akwai hanyar da za mu koya a kwamfutar shago ba tare da mun taɓa lissafin maigida ba: mu ɗora babbar manhaja a kan filashi.

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da komai a kwamfuta, kamar Windows. A ka'ida tana zaune ne a rumbun ajiyar kwamfutar. Amma idan aka kunna kwamfuta, ana iya umartar ta da ta tashi daga filashi maimakon rumbunta. Daga nan komai zai gudana tsakanin filashin da ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar. Da an kashe an zare filashin, sai ta koma yadda take.

Manhajar da ta fi dacewa da wannan aiki ita ce Linux, kuma kyauta ce. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, yana da shekara 21. A 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fitar da Knoppix, wadda ke tashi daga faifan CD ba tare da an girka ta ba. Yau filashi ya maye gurbin faifai. Ga mai koyo, Linux Mint ta fi sauƙi saboda fuskarta ta yi kama da ta Windows, kuma tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi.

Ga yadda ake yi. Mu nemi filashi mai gigabait 8 ko fiye. Mu sauke Linux Mint daga shafinta na asali. Girmanta ya kusa gigabait 3, don haka sai an tanadi data. Sannan mu yi amfani da ƙaramar manhajar Rufus mu rubuta ta a kan filashin. Wannan mataki yana goge duk abin da ke cikin filashin, saboda haka a kwashe hotuna da takardu tukuna. Bayan an gama, sai a soka filashin, a kunna kwamfuta, a yi ta danna F12 idan Dell ce, ko F9 idan HP ce, har jerin zaɓi ya fito, a zaɓi filashin.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mu kiyaye. Na farko, a fuskar Linux Mint za mu ga alamar da aka rubuta wa “Install Linux Mint”. Kada mu taɓa ta a kwamfutar wani, domin ita ce ke girka manhajar a rumbun ajiya, kuma tana iya share duk abin da ke ciki. Haka nan kada mu buɗe rumbun maigida, ko da mun gan shi a jeri. Na biyu, duk abin da muka rubuta zai ɓace da zarar an kashe, sai idan mun ware masa wurin ajiya a filashin tun lokacin da muke aiki da Rufus. Don haka mai gigabait 16 ya fi. Na uku, akwai jabun filashi masu nuna girman da ba su da shi. Ko a Farm Centre za mu saya ko a Sabon Gari, mu nemi mai sayarwa ya yarda a gwada. Wanda cikin bakinsa shuɗi ne, wato USB 3.0, ya fi sauri.

Kafin duk wannan, sai da izinin mai kwamfuta. Mu yi masa bayani, mu nuna masa a gabansa cewa an zare filashi kuma lissafinsa na nan daram. Idan ya amince, rabin awa kullum bayan ciniki ya lafa ya ishe mu koyon bugun rubutu da sarrafa linzami kafin ranar jarrabawa.