Ku Daina Janye Loɓar Yaro Da Ƙarfi

Akwai wata ta'asa da ake yi wa ƙananan yara maza a gidajenmu da sunan tsafta, kuma na gaji da ganinta. Yaro ɗan shekara biyu ko uku da ba a yi wa kaciya ba zai wayi gari bakin gabansa ya yi ja, ya ɗan kumbura, yana kuka in zai yi fitsari. Kafin hantsi masu ba da shawara sun cika ɗaki. Wannan ta ce datti ne ya taru a ciki don uwar ba ta buɗewa ta wanke, waccan ta ce bakin ne ya toshe. Sai a danne yaro, wata ta riƙe ƙafafu, wata ta kama loɓar ta ja ta baya da ƙarfin tsiya har fata ta tsage, jini ya fito. A goge da auduga, a fasa kafso a barbaɗa, a ce an yi magani. Ciwon da ruwan ɗumi zai iya kwantarwa cikin 'yan kwanaki, an mayar da shi raunin da wani lokaci sai an dangana da ɗakin tiyata.

Maganar ta shafe mu ƙwarai saboda lokacin da muke yin kaciya. A birane yanzu mutane da yawa suna yi wa jariri a asibiti tun yana cikin zanen goyo, amma a ƙauyuka da gidaje masu yawa har yau ana jira sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai, hunturu ya shigo, a kira wanzami a yi wa yaran unguwa tare. Malaman Malikiyya ma sun fi son a yi ta lokacin da yaro ya fara famfara. Ke nan yaro zai shafe shekaru da loɓarsa a hannun uwar da ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake kula da wurin, kunya kuma ta hana ta tambaya.

Shi ciwon kansa ba wani baƙon abu ba ne. Kumburi ne da ja a kan gaban yaro da fatar da ta lulluɓe shi, likitoci suna ce masa balanaitis. Ya fi kama yara tsakanin shekara biyu zuwa biyar, yakan zo da ƙaiƙayi da raɗaɗi, wani lokaci da ɗan ruwa mai wari, kuma yawanci yana warkewa cikin mako guda in an bi shi a hankali.

Babban kuskuren da ke jawo ta'asar shi ne zaton cewa loɓar ƙaramin yaro ya kamata ta ja baya, in ta ƙi kuwa akwai cuta. Ba haka Allah Ya yi halittar ba. Ana haifar kusan kowane yaro da loɓarsa manne da kan gabansa, bakinta kuma a tsuke, iyakar inda fitsari zai fita. Wannan mannewa kariya ce, ita ke hana kashi da datti isa ga fata mai laushi a shekarun da yaro ke cikin ƙunzugu yana rarrafe a ƙasa. A hankali fatar take rabuwa da kanta, bakin ya riƙa saki yayin da yaro ke girma. Ɗan kyanwa ma ido rufe ake haifarsa, ba mai hankalin da zai sa yatsa ya ɓare masa ido don a gaggauta ganinsa.

An daɗe da auna wannan. A 1949 wani likitan yara a Ingila, Douglas Gairdner, ya buga bincikensa inda ya nuna cewa jarirai 4 ne kacal cikin 100 ake haifa da loɓar da ke ja baya gaba ɗaya. A 1968 kuma Jakob Øster ya fitar da sakamakon bibiyar 'yan makaranta da ya yi shekara da shekaru a ƙasar Danmak: a tsakanin 'yan shekara 6 zuwa 7, kashi 8 cikin 100 suna da tsukakken bakin loɓa, amma a tsakanin 'yan shekara 16 zuwa 17 ya rage saura kashi 1, ba tare da an taɓa su ba. To, in ɗan shekara bakwai ma yana iya kasancewa a tsuke kuma lafiyarsa lau, me ya kai mu ga danne ɗan shekara biyu?

Ku dubi abin da jan ƙarfi ke haifarwa. Fatar da ke manne ana ɗaye ta ne daga naman da ke ƙarƙashinta, a bar ɗanyen rauni a wurin da fitsari ke bi sau da yawa a rana, kusa da inda kashi ke fita. An buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ke nan. Bakin loɓar kuma yakan tsattsage, in ya warke ya bar tabo, tabo kuwa ba ya saki irin na lafiyayyar fata. Bayan watanni sai a ga bakin ya ƙara tsukewa, ya yi fari ya yi tauri, fitsari na fita da ƙyar. Toshewar da aka ji tsoro tun farko, yanzu ta tabbata, kuma hannun masu gyara ne ya kawo ta. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani lokaci in an ja tsukakkiyar loɓa ta wuce kan gaban, sai ta maƙale a baya ta ƙi dawowa. Tana zama kamar zobe, ta shaƙe kan, jini ya kasa komawa, wurin ya kumbura ya fara canja launi. Kowace sa'a da ta wuce dawo da ita na ƙara wuya, in aka yi sake kuma naman yana iya mutuwa. Wannan ba ciwon da ake kwana da shi a gida ba ne.

Na san abin da za a ce: to wannan farin abin da ke taruwa a ciki fa, a bar shi? Wannan farin abu mai kama da cuku ba mugunya ba ne. Matattun ƙwayoyin fata ne da maiƙon jiki, kuma taruwarsa na daga cikin abin da ke taimaka wa fatar ta rabu. Wani lokaci yakan dunƙule ya zama ɗan farin ƙullutu da ake hangowa ta ƙarƙashin fata, iyaye su firgita su ce ƙurji ne. In babu ja, babu zafi, babu zazzaɓi, a ƙyale shi, zai fito da kansa. Haka nan wani yaron in yana fitsari loɓar takan cika ta kumbura kamar balan-balan sannan ta sace. Muddin fitsarin na fita sosai ba tare da yunƙuri ko kuka ba, alama ce ta cewa fatar ta fara rabuwa, kuma yana wucewa.

Masu kafa hujja da tsarki su ma su saurara. Ɗan shekara biyu ba a ɗora masa salla ba, kuma wanke abin da ke bayyane da ruwa ya wadatar masa. Addinin da ya hana cutarwa ba zai umarci a yaga fatar yaro don a kai ruwa inda Allah bai buɗe ba tukuna. Wata kuma za ta ce ai a asibiti aka gaya mata ta riƙa ja a hankali kullum lokacin wanka. Gaskiya ne an taɓa koyar da haka, kuma har yau akwai ma'aikatan lafiya da ba su sabunta iliminsu ba. Abin da likitocin yara suke a kai yanzu shi ne a wanke waje kawai, kuma mutum na farko da ya kamata ya janye loɓar yaro shi ne yaron da kansa, in ya girma ta saki.

Sauran abubuwan da ke kawo ciwon sanannu ne: jiƙaƙƙen famfas da aka bari tun safe, sabulu mai ƙarfi ko mai turare, omo da bai fita daga wando ba, zama tsirara cikin ƙasa, cizon cinnaka, susa da dattin hannu, da irin farin naman gwari da ke son wuri mai damshi. A daina ɗora wa uwa laifin wai sanyinta ne ta shafa masa.

Yanzu ga abin yi in aka ga wurin ya yi ja. A samu roba mai tsabta a zuba ruwan ɗumi zalla, a gwada shi da gwiwar hannu don kada ya ƙona, a zaunar da yaro a ciki kamar minti goma, sau biyu ko uku a rana. Ba a sa sabulu a wurin, ba a sa soso, ba a tura auduga ko tsinke ciki. In ya fito a dangwala tsumma mai laushi a tsane ruwan, kada a goga. A bar shi ya sha iska a kan tabarma mai tsabta na ɗan lokaci, sannan a sa masa sakakken wando na auduga. In yana sa famfas ko ƙunzugu, a canja da zarar ya jiƙe, kuma in an zo wanke kashi a yi daga gaba zuwa baya. Ƙunzugu da wanduna a ɗauraye su sosai har kumfa ta ƙare, a shanya a rana. Ɗan basilin a bakin wurin yana rage raɗaɗin fitsari.

Yaro mai wannan ciwo yakan riƙe fitsari don tsoron zafi. Kada a yi masa tsawa, kada kuma a rage masa ruwa wai don fitsarin ya ragu. A ƙara masa ruwa da nono, domin fitsarin da ya tsinke ya fi sauƙin fita ba zafi. In ya ƙi yi, a bar shi ya yi a cikin ruwan ɗumin, a zubar a sake wani. Ana iya ba shi farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa, yadda ma'aikacin lafiya ya auna, amma ban da asfirin. A yanke masa farce, mai kula da shi kuma ta wanke hannu kafin ta taɓa wurin da bayan ta taɓa.

Abubuwan da ba a sa wa kuwa suna da yawa, don mu mutane ne masu son gwaji a jikin yara. Ban da Dettol, ban da Izal, ban da sifirit, ban da Robb ko wani man zafi, ban da man goge baki, toka, kanwa ko garin kafso. Ban da gashi da tafasasshen ruwa. Fatar wurin siririya ce, waɗannan abubuwa ƙona ta suke yi. Haka mayukan nan na kemis masu haɗin magani uku da ake cewa suna kashe kowane ƙurji: da yawansu akwai sinadari mai ƙarfi a ciki da ke sirantar da fata ya kuma ɓoye ciwo yana ci ta ƙasa. Ragowar maganin ƙwayoyin cuta da aka rubuta wa yayansa bara ma ba nasa ba ne.

In an yi kwana biyu ana wannan kulawa ba a ga sauƙi ba, a je asibiti. Amma akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: zazzaɓi, mugunya na fita, ja da kumburi suna hawa zuwa jikin gaban ko 'ya'yan maraina ko mara, jini a fitsari, fitsari na ɗiga da ƙyar ko yaro ya yi kamar awa takwas bai yi ba. In loɓa ta maƙale a baya, ko kan ya fara duhu, a ɗauke shi a tafi nan take ko da tsakar dare ne. A kuma duba da kyau cikin haske ko akwai silin gashi ko zare da ya naɗe gaban, domin yana faruwa, kuma yana yanka kamar reza.

A asibiti likita zai duba ya bambance ko ƙonewar fata ce kawai, ko naman gwari, ko ƙwayoyin bakteriya, domin kowanne da maganinsa. Wani man shafawa ya ishe shi, wani sai an haɗa da na sha, wani a auna fitsarinsa. Abin da aka rubuta a ƙarasa shi har ranar da aka ce, ko da an ga ya warke. In ciwon yana yawan dawowa, a koma a faɗa, don a binciki fitsari da sukari. Ko tsukewar da ta zama matsala ma akwai man shafawa da likita ke rubutawa na makonni huɗu zuwa takwas wanda ke sassauta fatar a yara da yawa, wani yaron kuma likita ya ce a gaggauta masa kaciya.

A nan ne zan ja hankalin iyaye maza, domin su ne da sun ji labari sai su ce a kira wanzami gobe a yanke a huta. Kaciya sunna ce kuma tana kawo ƙarshen wannan matsala, amma ba a yin ta a kan ciwo. Fatar da ta kumbura ta fi zubar da jini, ta fi wuyar aunawa, raunin kuma ya fi saurin ruɓewa. Wanzamin da ya san aikinsa shi da kansa zai ce a bari ya warke. In lokacin ya yi, a tabbatar kayan aiki sababbi ne ko an dafa su, yaro ya cika alluransa na rigakafi har da ta tetanas, kuma in a dangi akwai wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, ko yaron yana da sikila, a yi ta a asibiti bayan an sanar da likita.

Kuma don Allah maigida, lafiyar ɗanka ba aikin mata ba ne su kaɗai. In uwar ta ce maka yaro yana kuka wajen fitsari, tashi ka duba, ka ba da kuɗin asibiti. Ke kuma uwa, kunyar faɗa wa likita inda ke yi wa ɗanki ciwo ba tarbiyya ba ce. Kakanni da goggonni, mun san ƙauna ce ke sa ku, amma wannan karon ku janye hannu. Duk wanda ya karanta wannan ya isar wa na kusa da shi: a wanke waje da ruwa, a bar loɓa ta saki da kanta, in ciwo ya wuce kwana biyu a nufi asibiti. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.