Mai Neman Horo da Bakinsa Ya Fi Saurin Samun Ƙarin Girma

Sau da yawa akan ɗauki ma'aikata biyu rana ɗaya, da takardun shaida iri ɗaya, amma bayan 'yan shekaru sai a tarar ɗaya ya zama manaja, ɗayan kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Masana harkokin ma'aikata sun ce ba kullum ne uwa a gindin murhu ke jawo haka ba.

A shekarar 1993 wasu malaman jami'a biyu na Amurka, Thomas Bateman da Michael Crant, suka fito da ma'aunin gane mutum mai himma, wato wanda ba ya jiran umurni kafin ya gyara abin da ya karkace. Binciken da Crant ya yi tare da Scott Seibert da Maria Kraimer a 1999 ya nuna cewa masu wannan hali sun fi samun albashi mai tsoka da yawan ƙarin girma.

Wata hanya da himmar ke bi ita ce shirin da ma'aikaci kan ƙulla da shugabansa a kan buƙatarsa shi kaɗai, batun da Farfesa Denise Rousseau ta Jami'ar Carnegie Mellon ta rubuta littafi a kansa a 2005. Ma'aikacin yakan roƙi a tura shi kwas, ko a damƙa masa aiki mai wuya, ko a mai da shi wani sashe don ya koyi sabon abu. Riba biyu yake samu: ƙwarewarsa ta ƙaru, kuma idon manya ya sauka a kansa, ta yadda in gurbi ya samu sunansa ne zai fara zuwa.

Sai dai akwai haɗari ga kamfani. In ana ƙulla irin wannan shiri a ɓoye, sauran ma'aikata za su ɗauke shi son kai, gwani mai kunya kuwa yana iya tattara nasa ya nasa ya koma wajen abokan gasa.

Don haka ya kamata masu kamfanoni su sanar da kowa cewa ƙofar neman horo a buɗe take, su riƙa tambayar masu kawaici abin da suke son koyo. Kuɗi ma ba hujja ba ne: Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta shafa, kuma yakan mayar da har rabin kuɗin ga wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida.