Djimon Hounsou: Ɗan Benin da ya yi suna a Hollywood amma yake kukan ba a biyan sa daidai da aikinsa

A gidajen kallo da shagunan tura finafinai a waya na Parakou da Djougou, matasa da yawa sun san fuskar baƙin jarumin nan da ya tsaya tare da Russell Crowe a fim ɗin Gladiator, sun kuma san masuncin da ya binne lu'u-lu'u a fim ɗin Blood Diamond. Mutum ɗaya ne ya taka rawar biyun. Sunansa Djimon Hounsou, kuma ɗan ƙasar Benin ne haifaffen Kwatano, ko da yake a yau yana riƙe da takardar zama ɗan Amurka.

Ya shafe fiye da shekara 30 yana fitowa a finafinai da shirye-shiryen talabijin na Amurka, kuma sau biyu sunansa yana shiga jerin masu takarar kyautar Oscar. Duk da haka, a hirarsa da jaridar Guardian ta Ingila a 2023, da wadda ya yi da gidan talabijin na CNN a farkon 2025, ya ce har yanzu yana fama da neman abin rufin asiri, domin ba a biyan sa daidai da aikinsa. Ta yaya mai irin wannan suna zai yi irin wannan kuka? Amsar tana cikin tarihinsa da kuma yadda masana'antar take raba kuɗi.

Daga Kwatano zuwa titunan Paris

An haifi Djimon Gaston Hounsou ranar 24 ga Afrilu, 1964, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai daga Faransa. Sai a 1975 ne gwamnatin Mathieu Kérékou ta sauya sunan zuwa Benin. Mahaifinsa kuku ne, mai sana'ar dafa abinci.

Bai wuce shekara 13 ba aka tura shi birnin Lyon na Faransa domin ya yi karatu a wajen yayansa. Karatun bai yi nisa ba. Ya bar makaranta ya nufi Paris, inda ya samu kansa ba aiki, ba wurin kwana. Ya sha ba da labarin yadda ya kwana a titi a unguwar da cibiyar Pompidou take.

A cikin wannan hali ne wani mai ɗaukar hoto ya lura da tsayinsa da ƙirarsa, aka haɗa shi da Thierry Mugler, fitaccen mai zayyana tufafi na Faransa. Daga 1987 ya shiga sana'ar tallar kayan sawa. Wannan sana'a ce ta buɗe masa hanyar Amurka, inda ya fito a bidiyon waƙoƙin Paula Abdul da Madonna da Janet Jackson. A 1990 ya tare a Amurka gaba ɗaya, alhali Turancinsa bai taka kara ya karya ba.

Shekarun farko ƙananan rawa yake samu: fitowa ta ɗan lokaci a shirin talabijin na Beverly Hills, 90210, sai rawar dogari a fim ɗin Stargate na 1994.

Amistad, fim ɗin da ya fito da shi

A 1997 mai ba da umarni Steven Spielberg ya zaɓe shi ya ja ragamar fim ɗin Amistad. Labarin gaskiya ne. A 1839 wasu 'yan Afirka 53 da aka sato daga yankin Saliyo aka sayar a Kuba sun yi bore a cikin jirgin ruwan La Amistad, suka ƙwace shi. Jagoransu manomi ne ɗan ƙabilar Mende mai suna Sengbe Pieh, wanda Turawa suka kira Cinqué. Sojojin ruwan Amurka suka kama jirgin, aka yi ta shari'a har zuwa Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1841 cewa mutanen 'yantattu ne. Tsohon shugaban Amurka John Quincy Adams na cikin lauyoyin da suka kare su.

Hounsou ne ya fito a matsayin Cinqué. Harshen Mende ba nasa ba ne, sai da ya koyi maganganunsa a cikinsa, kuma kusan duk fim ɗin da shi ya yi magana. An sanya shi a takarar kyautar Golden Globe. Amma da aka zo Oscar, Anthony Hopkins, wanda ya fito a matsayin lauya Adams, shi aka sanya a takara, aka bar wanda labarin yake kansa. Hounsou ya ce a ganinsa masu zaɓen sun ɗauke shi tamkar wani da aka tsinto a titi, ba su yarda cewa aikin gwaninta ya yi ba.

Bayan Amistad ya fito a shirin asibiti mai dogon zango na ER a 1999, sannan a shirin Alias. A 2000 ya taka rawar Juba, mafaraucin da aka bautar, a Gladiator na Ridley Scott, wanda ya ci Oscar na fim mafi kyau.

Takarar Oscar sau biyu

Ƙungiyar ƙwararrun masu harkar fim ta Amurka ce ke ba da Oscar. A ɓangaren 'yan wasa, takwarorinsu 'yan wasa ne ke fitar da mutum biyar a kowane rukuni, daga nan dukkan mambobi su jefa ƙuri'a. Rukunan maza biyu ne: na babban jarumi da na mataimakin jarumi.

A bikin 2004 Hounsou ya shiga takarar mataimakin jarumi saboda fim ɗin In America na Jim Sheridan, inda ya fito a matsayin Mateo, mai zane da ke fama da cutar ƙanjamau, maƙwabcin wasu baƙin haure 'yan Ayalan a birnin New York. Tim Robbins ne ya ci.

A 2007 ya sake shiga takarar saboda Blood Diamond na Edward Zwick. A nan shi ne Solomon Vandy, masuncin da 'yan tawayen RUF suka raba da iyalinsa a yaƙin basasar Saliyo, wanda aka gwabza daga 1991 zuwa 2002. An tilasta masa haƙar lu'u-lu'u, an mayar da ɗansa yaron soja. Neman ɗan nan shi ne ƙashin bayan labarin. Duk da haka Leonardo DiCaprio aka sanya a rukunin babban jarumi, Hounsou kuma a na mataimaki, inda Alan Arkin ya yi nasara. Hounsou ya shaida wa Guardian cewa ya ji an ƙware shi.

Yadda ake raba kuɗi a Hollywood

Bambancin babban jarumi da mataimaki ya wuce na suna, domin a nan kuɗin yake. Jarumin da kamfani ya yi imanin sunansa ne ke jawo 'yan kallo yana karɓar kuɗi mai tsoka tun kafin a fara ɗauka, wani lokaci har da kaso daga cinikin fim ɗin. Mataimaki kuwa galibi ladan aikinsa kawai ake ba shi, gwargwadon cinikin da wakilinsa ya yi, kuma abin da aka biya shi a fim ɗin baya shi ke zama ma'aunin na gaba. Wanda ya fara da farashi kaɗan yakan daɗe bai fita daga cikinsa ba. Daga abin da ya samu kuma, wakili na ɗaukar kashi 10 cikin ɗari, ga manaja, ga lauya, ga haraji.

Jerin finafinan Hounsou na shekarun baya-bayan nan ya nuna inda aka ajiye shi. Ya fito a Guardians of the Galaxy a 2014, da Furious 7 a 2015, da The Legend of Tarzan a 2016, da Aquaman a 2018, da Captain Marvel da Shazam! a 2019, da A Quiet Place: Day One a 2024. Furious 7 kaɗai ya yi cinikin fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a duniya, Aquaman da Captain Marvel kuma kowannensu ya haura biliyan ɗaya. A cikinsu duka babu inda shi ne babban jarumi. Ko dai mugun da za a kashe, ko sarkin wata ƙabila, ko dattijon da zai miƙa wa jarumi ƙarfi ya koma gefe. Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A nan akwai buƙatar adalci. Ƙuncin da Hounsou ke magana a kai ba irin na ɗan kabu-kabun Parakou ba ne, ko na manomin audugar da ke jiran kuɗin kakarsa. Yana auna kansa ne da abokan aikinsa da suka fara tare, waɗanda wasunsu ba su taɓa shiga takarar Oscar ba amma sun tara dukiya. Kuma ba shi kaɗai ke wannan kuka ba. Viola Davis da Taraji P. Henson, baƙaƙen fata 'yan Amurka, sun yi irin sa a bainar jama'a. A 2023 ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta SAG-AFTRA ta yi yajin aiki na kwana 118, kuma rabon kuɗin finafinan da ake kallo ta intanet na cikin manyan dalilan yajin.

Waiwaye zuwa gida

Hounsou bai yanke alaƙa da Benin ba. A 2018 ya fitar da fim ɗin bincike da shi da kansa ya ba da umarni, In Search of Voodoo: Roots to Heaven, kan addinin gargajiya na Vodun da ya yi ƙarfi a kudancin ƙasar. Hujjarsa ita ce finafinan Amurka sun daɗe suna nuna wannan al'ada a matsayin tsafi da mugunta kawai. Shi kansa ya taɓa taka rawar boka a fim ɗin Constantine na 2005, don haka ya san abin daga ciki. Ko mutum bai yarda da wannan addini ba, abin lura shi ne sai da ya koma bayan kyamara kafin ya iya faɗin labarin ƙasarsa yadda yake so.

A 2019 ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa, domin sada jikokin bayi da asalinsu na Afirka da kuma yaƙi da bautar zamani da safarar mutane. Gidauniyar na shirya gudun tunawa a birnin Richmond na jihar Virginia, mai nisan kilomita 16.19, ishara ga shekarar 1619 da aka sauke 'yan Afirka na farko a wannan yanki.

Wannan ya zo daidai da turbar da hukumomin Benin suka hau. A Nuwamban 2021 Faransa ta dawo da kayan tarihi 26 na masarautar Abomey, a 2024 kuma aka kafa dokar da ke bai wa jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka damar neman zama 'yan ƙasa. Amma a harkar fim har yanzu da sauran aiki. Fim ɗin The Woman King na 2022, kan mayaƙa mata na Dahomey, a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi. Labarin na Benin ne, aikin da kuɗin suka tafi wani wuri.

Abin da ya shafi arewacin Benin

Tafiya ba baƙon abu ba ce ga mutanen Djougou da Parakou. Garuruwan biyu sun bunƙasa ne a kan hanyar fatake, inda ayarin goro daga ƙasar Gwanja ke yada zango kafin su wuce ƙasar Hausa. A yau ma samari da dama daga jihar Donga suna fita neman kuɗi zuwa Nijeriya, da Aljeriya, da Libiya, da Turai.

Ga irin waɗannan samari, labarin yaron da ya kwana a titin Paris ya wayi gari a Hollywood yana da daɗin ji, kuma yana iya ruɗarwa. Mai ɗaukar hoto ɗaya ne ya tsaya ya dubi Hounsou. Sauran da suka kwana a wannan titi tare da shi, babu wanda ya san sunansu. Shi ɗin ma da ya dace, ya isa har zauren Oscar sau biyu, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma 'yan Benin da suka bi wata hanyar, ta riƙe kyamara da kansu. Idrissou Mora-Kpai, ɗan jihar Borgou, ya yi fim ɗin Si-Gueriki a kan mahaifiyarsa da matsayin mata a gidan sarautar Bariba, sannan ya yi Arlit, deuxième Paris a kan garin haƙar yuraniyom na arewacin Nijar. Sylvestre Amoussou ya zo na biyu a babbar gasar FESPACO ta birnin Wagadugu a 2017 da fim ɗinsa L'Orage africain. Sunansu bai kai na Hounsou ba, kuɗin finafinansu kuma bai kama ƙafar na Hollywood ba, amma su ne suka zaɓi labarin, su ne suka zaɓi wanda zai zama jarumi.

Masu kallon finafinan Hausa sun san wannan darasi daga Kano. Jarumai irin su Ali Nuhu sun daɗe a masana'antar ne saboda ba su tsaya a gaban kyamara kawai ba, sun zama masu shiryawa da ba da umarni, suna da hannu a abin da fim ya samar.

Hounsou ya haura shekara 60, kuma har yanzu yana aiki. A fim ɗin Rebel Moon na Netflix, wanda aka fitar a 2023, ya fito a matsayin Janar Titus, tsohon kwamandan da jarumar fim ɗin ta je ta nemi taimakonsa. A nan ma mataimaki ne.