Keke, waya da fadamar rake: abin da taswira ba ta sani ba tsakanin Hunkuyi da Ikara

A watan Disamba, sanyin hunturu ya kankama, mai keken da ya taso daga Hunkuyi da sassafe ya nufi gabas zai ga abu mai sauƙi a allon wayarsa: ɗigon shuɗi, da siririn layi da ya miƙe zuwa Makarfi. A ƙasa kuwa layin nan yana iya zama 'yar hanya tsakanin gonakin rake biyu, rake ya fi tsayin mutum dama da hagu, taya tana nitsewa cikin laka. Wayar ta san daidai inda yake tsaye. Abin da ba ta sani ba shi ne manomi ya tayar da injin ban-ruwa jiya da daddare.

Yawon keke na nesa yana samun masoya a tsakanin matasa, kuma ƙananan hukumomin Kudan, Makarfi da Ikara sun dace da shi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ƙauyuka kusa da juna, mai faci bai da wuyar samu. Ga fadamu na rake, tumatir da albasa, ga ɗorawa da kaɗanya a gonakin tudu. Sai dai duk wanda zai dogara da waya a wannan tafiya ya kamata ya san inda iyakarta take.

Ƙasar da ke sauya kama

A ƙasashe irin su Estoniya da Finland akwai dausayin da ganye da gansakuka suka ruɓe suka taru cikin ruwa tsawon dubban shekaru, kusan milimita 1 a kowace shekara. Irin wannan ƙasa kusan kashi 3 cikin 100 ce ta doron duniya, amma iskar kabon da ta riƙe ta zarce ta duk dazuzzukan duniya. Shi ya sa ake killace ta, a shimfiɗa katako don masu yawo, a kafa alamomi, a zana kowace hanya a taswira.

Fadamar ƙasar Zazzau ta laka ce da yumɓu, ruwa yana kusa da saman ƙasa, kuma wurin neman abinci ce. Daga ita raken Makarfi da Kudan ke fitowa, wanda ake lodawa a manyan motoci ko a matse a dafa mazarƙwaila. Tumatirin yankin ne ya sa aka gina masana'antar sarrafa tumatir a Ikara a farkon shekarun 1980. Ba wanda ya shimfiɗa wa mai keke katako a nan. Hanyar da ta ɓulle a Janairu tana iya zama rafi a Agusta, wadda aka bi bara kuma a tarar an yi mata kunya an shuka. Hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin manhajar taswira yakan yi watanni ko shekaru da ɗauka, don haka korama mai ruwa tana iya fitowa a hoton kamar busasshen yashi.

GPS ba ya cin data

Mutane da yawa sun ɗauka idan sabis ya ɗauke, ɗigon shuɗin ma ya tafi. Ba haka abin yake ba. Waya tana sauraron sigina ne kai tsaye daga taurarin GPS na Amurka da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da ƙasa, kuma idan ta kama huɗu ta gano inda take. Wayoyin yanzu da dama suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na China. Duk wannan kyauta ne, ko an kunna alamar jirgin sama yana aiki.

Abin da ke buƙatar intanet shi ne taswirar da ɗigon zai hau. Idan ba a sauke ta tun a gida ba, sai a ga ɗigo yana yawo a farin allo. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma gyaransa minti kaɗan ne a daren da za a tashi.

Wace manhaja ce ta fi dacewa?

Google Maps yana ba da damar sauke yanki guda a ajiye a waya. Matsalarsa ita ce idan babu intanet, hanyar mota kaɗai yake lissafawa, ban da ta keke ko ta ƙafa. A 2019 kamfanin ya kawo wa Najeriya tsarin hanyar babur, wanda ya fi kusa da buƙatar mai keke, amma shi ma sai da data.

Organic Maps da OsmAnd sun dogara ne da OpenStreetMap, taswirar da aka fara a 2004 wadda 'yan sa-kai ke zanawa. Dukansu suna lissafa hanyar keke ba tare da intanet ba, suna kuma iya nuna sawun da aka bi. Wannan sawun shi ne babban abin amfani a cikin rake, inda ba a hango komai sai ganye: idan hanya ta toshe, sai a juya a bi layin da aka zo da shi. Ana iya ajiye sawun a fayil mai suna GPX a tura wa aboki ta WhatsApp, shi ma ya buɗe a wayarsa.

Dabarar da ta fi ita ce a sauke biyu. Google Maps ya fi sanin gidan mai da shaguna a kan babban titin Zariya zuwa Kano, kamar wajen Tashar Yari inda mai zuwa Ikara zai tsallaka. A ƙananan hanyoyi kuwa sai a gwada su biyun, don wani lokaci ɗaya tana da abin da ɗayar ta rasa.

Batir, zafi da girgiza

Hasken allo ya fi GPS shan caji, musamman a rana inda ake ƙure shi. Raunin sabis ma yana cinye batir, saboda waya tana ta faman neman turke. Kashe allo da kunna alamar jirgi a inda ba sabis suna ƙara awanni. Fawa-banki mai lamba 10,000mAh ba ya ba da duka abin da aka rubuta a jikinsa. Wajen sauya ƙarfin wuta ana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka wayar Tecno ko Infinix mai batir 5,000mAh za ta cika sau ɗaya ne da ɗan ƙari.

Zafi ma abokin gaba ne. Apple ya ce iPhone an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a Maris da Afrilu zafin yankin yakan kusanci 40. Wayar da aka ɗaure a kan keke tana shan rana tana caji za ta yi zafi har ta rage gudu. A 2021 kamfanin ya kuma yi gargaɗin cewa girgizar babur tana iya lalata kyamara. Keke bai kai babur ba, amma a hanya mai gargada aljihu ko jaka ya fi, a naɗe wayar a leda saboda laka da ƙura. A gefenta a sa famfo, faci da tiyub na ko-ta-kwana, don ƙayar tsidau ba ruwanta da tsadar taya.

Wa ya san inda mutum yake?

A Janairun 2018 aka gano taswirar da Strava ke wallafawa ta sawun masu motsa jiki ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje. Darasin ya shafi duk mai keke a Arewa, inda garkuwa da mutane ba labarin nesa ba ne. Wanda ke ɗora hanyarsa da lokacin fitarsa a fili kowace Asabar yana ba baƙo jadawalinsa. A rufe asusun, a jinkirta ɗora hotuna sai an koma gida. WhatsApp yana iya nuna inda mutum yake har tsawon awa 8, sai a tura wa mutum ɗaya ko biyu a gida, tare da faɗa musu lokacin dawowa, tunda wannan yana tsayawa idan sabis ya ɗauke. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

Dajin Falgore, gandun namun daji da ke kudancin jihar Kano, yana jan hankalin duk wanda ya ga koren tabonsa a taswira gabas da Ikara. Matsalar tsaro ce ta sa sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017. Ba wurin da za a kutsa da keke ba ne sai da izinin hukuma da rakiya.

Masu keke za su iya gyara taswirar

Yawancin giɓin da ke taswirar karkara ya samo asali ne daga rashin wanda ya zana. A shekarun 2010, masu yaƙi da shan-inna sai da suka yi amfani da hotunan tauraro da wayoyi masu GPS kafin su gano ƙauyuka da rugage da dama da ba sa cikin jadawalin rigakafi, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taka rawa a ciki. OpenStreetMap a buɗe take ga kowa: mai asusu zai iya ɗora sawunsa, ya nuna cewa wannan hanya ta ƙasa ce, wannan mashigi ne na ruwa, wannan kuma da rani kaɗai take biyuwa. Mai ɗauko rake da ma'aikacin lafiya za su amfana da wannan aiki fiye da mai yawon buɗe ido.

Kafin a kai ga haka, labarin da ya fi sabunta yana wurin mutumin da ke duƙe a lambu. A sauka daga keke, a yi sallama, a ce: “Sannu da aiki, Baba. Hanyar nan tana ɓullewa Makarfi?” Idan ya ce ruwa ya cinye ta, a zagaya ta burtali, to a zagaya, kuma a tura keken a ƙasa idan an zo kusa da shukarsa.