Yadda ƙwaƙwalwa ke koyon daina jin tsoro

A ƙauyukan Isa da Sabon Birni da ke gabashin jihar Sakkwato, ƙarar babura da daddare ta isa ta hana mutum barci, ko da kuwa ya riga ya yi ƙaura zuwa inda babu abin da zai same shi.

Yankin, wanda ya haɗa da garin Bafarawa, ya shafe shekaru yana fama da hare-haren 'yan bindiga masu zuwa a kan babura. A watan Disamban 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a ƙaramar hukumar Sabon Birni, sannan a watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane kuma sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

To, me ya sa fargaba ke bin mutum bayan haɗarin ya wuce?

Tsoro ba ya gogewa

A kowane gefe na ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai fi ƙwallon dabino ba, wanda masana ke kira amigdala. Aikinsa shi ne alaƙanta wata alama, kamar ƙarar babur, da masifar da ta biyo bayanta. Da zarar alamar ta sake bayyana, sai zuciya ta hau bugawa tun kafin mutum ya yi tunani.

A shekarar 2002 masana biyu, Mohammed Milad da Gregory Quirk, sun koya wa ɓeraye tsoron wani sauti ta hanyar haɗa shi da ɗan jan lantarki, daga baya suka riƙa sakin sautin shi kaɗai. Washegari sun ga cewa wasu ƙwayoyin jijiya na sashen gaba na ƙwaƙwalwa suna motsawa idan aka saki sautin, kuma ɓerayen da motsin ya fi ƙarfi a wurinsu su ne suka fi rage tsoro.

Ma'ana, tsohon darasin yana nan. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon sabon darasi, cewa yanzu babu haɗari, sai wannan ya danne na farko. Shi ya sa tsoron kan dawo idan mutum ya koma wurin da abin ya faru.

Illar doguwar fargaba

Idan zaman ɗar-ɗar ya daɗe, jiki kan yi ta fitar da sinadarin kotisol. Binciken Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka ya nuna cewa makonni uku na matsi kan sa rassan ƙwayoyin jijiya su ƙanƙance a sassan tunani da riƙe abubuwa. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa mutum yawan mantuwa, ko yaro ya kasa riƙe karatu.

To sai dai ana iya farfaɗowa. A wani bincike na 2009, an gwada ɗaliban likitanci 20 da suka yi wata guda suna shirin babbar jarrabawa, aka ga natsuwarsu ta ragu. Bayan wata guda na hutu, sun koma yadda suke.

Amigdala kuwa ta fi jinkiri. A 2004 Sumantra Chattarji da abokan aikinsa a birnin Bangalore na Indiya sun gano cewa bayan hutun kwana 21, sashen riƙe abubuwa na ɓerayen ya warware, amma amigdala, wadda matsin ya ƙara wa rassa, ba ta koma daidai ba, fargabarsu ma ba ta gushe ba.

Sharaɗin warkewa

A kan wannan ne likitoci suka gina hanyar magani da ake taimaka wa majinyaci ya tunkari abin da ke firgita shi sannu a hankali, a wurin da yake da aminci.

Ga mutanen ƙasar Gobir, nan matsalar take: ƙwaƙwalwa ba ta koyon cewa haɗari ya wuce sai ta shaida hakan sau da yawa, kuma kowane sabon hari kan sabunta tsohon darasin.

A jihar Sakkwato akwai asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a garin Kware. A watan Janairun 2023 kuma Nijeriya ta samu sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.